Ƙananan Mahaɗai Da Ke Tare Wuta A Wayoyin Sufakondakta

Duk mai wayar hannu ya san yadda caja ke ɗaukar zafi idan ta jima a jone. Wannan zafin wuta ce ke salwanta, saboda turjiyar da take gamuwa da ita a hanya. Akwai sinadaran da idan aka sanyaya su sosai turjiyar kan ɓace gaba ɗaya, su ake kira sufakondakta.

A 1987 masana suka gano YBCO, wanda ke aiki a wajen digiri 180 ƙasa da sifiri. Da sanyi ƙwarai, amma ruwan naitirojin mai araha ya isa ya kai shi nan. Sai aka ɗauka wayoyin lantarki marasa asara sun kusa shigowa kasuwa. Ashe da sauran rina a kaba.

Ina matsalar take?

YBCO dangin tangaran ne, kuma ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna. A cikin kowace ƙwaya wuta na gudu ba cikas, ta kan shimfiɗaɗɗun layukan jan ƙarfe da oksijin. Wahalar tana mahaɗar ƙwaya da ƙwaya. Idan ɗaya ta karkace daga maƙwabciyarta, tsarin atom na wurin yakan hargitse, kamar bututun ruwa biyu da aka haɗa bakinsu bai daidaita ba.

A 1988 masu bincike na kamfanin IBM suka auna abin. Da zarar kusurwar karkacewar ta wuce 'yan digiri kaɗan, wutar da ke iya tsallakawa takan faɗi warwas. A digiri 20, takan ragu fiye da ninki goma.

Yadda aka shawo kanta

Mafita ita ce a tilasta wa ƙwayoyin su fuskanci gefe guda. Kamfanin Fujikura na Japan ya ɓullo da dabarar IBAD a 1991: ana shimfiɗa wani tsararren sinadari a kan siririn ƙarfe, sannan a ɗora YBCO ya bi sahunsa. Shi ya sa waɗannan wayoyi suke da faɗi kamar tef, milimita 4 zuwa 12, alhali ɓangaren da ke ɗaukar wutar bai kai kaurin gashin kai ba.

Da irin wannan tef ne jami'ar MIT da kamfanin Commonwealth Fusion Systems na Amurka suka haɗa maganaɗisu mai ƙarfin tesla 20 a 2021. Sai dai jera ƙwayoyi daidai a tsawon ɗaruruwan mitoci aiki ne mai cin kuɗi, kuma yana cikin abin da ya sa tef ɗin ke da tsada har yau.