Karan Dawa Ba Shara Ba Ne

A ƙarshen ranin bana na je Rawayya, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, na tarar ƙanena ya tara ragowar karan dawa a gonarmu ta gado ya cinna masa wuta. Da na yi masa magana, sai ya ce: "Yaya, ai na tanadi buhun yuriya." Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Yuriya abincin shuka ce ta damina ɗaya. Ƙarfin ƙasa kuwa yana cikin ruɓaɓɓen kara da ganye da kashin dabbobi, abin da masana ke aunawa da yawan sinadarin kabon. Shi ke sa ƙasa ta yi baƙi, ta riƙe ruwa da taki. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke ruɓar da kara, kuma sai da naitirojin suke aiki. Karan dawa da gero ba su da shi da yawa, don haka halittun kan ari na cikin ƙasa, shuka ta yi ɗorawa na ɗan lokaci. A nan takin zamani ke da rana.

Sai dai kowane taki da halinsa. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, amma in aka barbaɗa ta bisa kara ba a rufe ba, wani kaso yakan bi iska. Amoniyam salfet, mai kashi 21, ya fi ta sa ƙasa tsami, tsami kuwa yana rage kuzarin halittun nan.

Gwajin da aka fara a Samaru ta Zariya tun 1950 ya nuna cewa filayen da aka daɗe ana zuba wa takin zamani zalla sun yi asarar kabon, waɗanda ake haɗa wa da kashin shanu kuwa sun fi riƙe ƙarfinsu.

Na san kara shi ne darni da makamashi da abincin dabbobi. Na kuma san rashin tsaro ya rage garken shanun da a da ke kwana a gonakinmu bayan girbi. Wannan ma dalili ne na daina ƙona ɗan abin da ya rage. A bar shi ya ruɓe, a binne yuriya, a mayar da takin turke gona, a riƙa haɗa dawa da wake. Gonar nan gado muka ci, kuma akwai masu jiran su gaje mu.