Sayen Akori-kura da Sayen San Huɗa

Ina ɗan shekara 12 mahaifina ya fara zuwa da ni kara sayen san huɗa. Idona ya faɗa kan wani jan rahaji mai dogayen ƙahoni, gashinsa sai sheƙi yake, na ce shi za mu saya. Baba ya kama leɓen san ya buɗe, ya ce, "Taho ka gani. Wanga ya ci zamani nai, haƙora duk sun cinye." Muka koma gida da wani gudale mai gajeren ƙaho, ya yi mana damina shida yana jan garma da amalanke.

Wannan rana ta faɗo mini da wani ƙanena a nan unguwar Badariya ta Birnin Kebbi ya zo neman shawara. A Argungu yake aiki, kullum kimanin kilomita 50 zuwa, 50 dawowa, kuma yana da gonar shinkafa a fadama ta hanyar Dukku. Akori-kura ta hannu yake so, mai sauƙin kuɗi, wadda za ta kai shi aiki, ta kwaso shanshera, ta ja ƙaramar tirela da injin casa ko tankin ruwa. Na ce masa ya zauna, karatun da aka yi mini a kara shi zan biya masa.

Mai hankali kafin ya taya sa yakan tuna da bazara, lokacin da harawa da dussa ke tsada, domin a turke dabba take cin kuɗi. Mota ma a gidan mai take cin nata, balle tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur. Ƙanena kwana biyar a mako shi kaɗai zai hau titi, kaya kuwa sai ranar hutu da lokacin girbi. Idan ya ɗauko Tundra mai silinda takwas saboda ƙarfin ja, ya ɗaure ƙaton bajimi ne yana ci kullum don aikin kwana ɗaya. Hilux mai silinda huɗu da injin fetur na lita 2.7 ta ishi irin wannan hidima. Injin dizal ya fi ƙarfin ja a ƙaramar giya, ya fi kuma tsimin mai, sai dai na zamani ba ya jure gurɓataccen mai, gyaransa kuma da tsada.

Haƙoran sa ba sa ɓoye shekarunsa, agogon kilomita kuwa ana iya mayar da shi baya. Haƙoran mota su ne robar kuloci da ta birki, da fatar sitiyari, da kujerar direba. In agogo ya nuna tafiya kaɗan alhali roba ta cinye har ƙarfe ya fito, a yarda da roba.

Baba da sassafe yake son ganin dabba, ya taɓa hancinta ya ji danshi, ya ga tana tuƙa. Haka ya kamata a je wa mota, tun injin yana da sanyi, a tayar da shi a gaban mai saye. Shuɗin hayaƙi alamar injin na shan baƙin mai ne, fari mai yawa da ya ƙi yankewa kuma yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. Sannan a shimfiɗa tabarma a shiga ƙarƙashinta, kamar yadda ake ɗaga kofato a shafa gadon baya. Shasi shi ne ƙashin bayan akori-kura. Motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, sukan zo da tsatsa a nan, waɗanda suka sha lodi a gida kuma za a ga walda a shasi ko safirin ya kwanta. Mu da muka ga ambaliyar 2020 mun san ruwa ya haɗiye motoci, don haka a ɗaga shimfiɗar ciki a nemi busasshiyar laka.

Ba a biyan kuɗin san huɗa sai an ɗora masa karkiya. A ɗora wa motar buhuna, a bar kwalta a bi gargada da rairayi, a gwada giyar da ke juya ƙafafu huɗu in tana da ita, ido na kan allurar zafi. Ja yana gajiyar da kuloci da birki da lagireto, ga zafin Afrilu a Birnin Kebbi yana haura digiri 40. Ƙugiyar jan tirela a jikin shasi ake ɗaure ta, wadda aka liƙa a bamba tana iya ɓallewa a hanya. Lodin irin waɗannan motoci bai wuce tan ɗaya ba, wato buhun shanshera 10 zuwa 12. Wanda ya jibga 20 ya ƙara da tirela, da hannunsa ya karya dabbarsa.

Sai maganar magani, wanda a mota shi ne bakanike da kayan gyara. Fijo 404 da 504 sun daɗe suna yi wa ƙauyukanmu hidima saboda tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, kowane bakanike ya san cikinsu. Yau Hilux, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1968, ita ta gaji wannan matsayi, shi ya sa ko ta tsufa kuɗinta ba ya faɗuwa sosai. Mitsubishi L200 da Nissan da Ford Ranger sukan fi araha, kuma suna aiki, amma a fara zagayawa wajen masu sayar da kayan gyara a ji ko akwai nasu a gari ko sai an aika Sakkwato ko Kano.

A kara, dillali yakan tsaya shaida cewa sa ba na sata ba ne. A mota takardun kwastan ne shaida, lambar shasi kuma ta dace da ta takarda harafi da harafi. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka 'yar Kwatano mai arahar ban mamaki tana bukatar bincike biyu.

Ranar da muka sayi gudalen nan, Baba ya bar wani abu a aljihu, muka biya ta wajen masu harawa da masu maganin tsutsa kafin mu isa gida. Na ce wa ƙanena shi ma ya ware kuɗin tayoyi da baƙin mai da birki tun kafin ya fara tayi, abin da ya rage shi ne kuɗin motarsa. Ya ce, "Yaya, ke nan sai na sauko daga wadda na sa wa ido." Na ce ya sauko, sayen nagari mai da kuɗi gida ne. Ranar Asabar bayan sallar asuba za mu je ganin wata, da bakanikensa da tabarma da buhu goma.