Jerin Malam-buɗe-littafi da Faɗa-wuta a Ƙasar Masar

Malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta 'yan gida ɗaya ne, kuma dukkansu daga tsutsa suke rikiɗa. Masana ƙwari sukan tsara jerin ire-irensu da ake samu a kowace ƙasa. Irin wannan jeri ba ya kammaluwa, sai an riƙa sabunta shi.

A birnin Alƙahira aka kafa ƙungiyar masana ƙwari ta Masar a shekarar 1907. A mujallarta ne E. P. Wiltshire ya buga jerin waɗannan ƙwari na ƙasar a 1948 da 1949. Amma a 1975 sai aka bayyana wani sabon malam-buɗe-littafi, shuɗi ɗan ƙanƙane, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a duwatsun Sina'i. Tsutsarsa ba ta cin komai sai wani irin za'atar. Torben Larsen ya sake tsara jerin malam-buɗe-littafi a 1990, sannan Francis Gilbert da Samy Zalat suka fitar da nasu a 2007, haɗe da taswirori.

Baƙi ma sukan shigo. Wata faɗa-wuta 'yar asalin nahiyar Amurka, wadda tsutsarta ke cinye masara, ta ɓulla a Nijeriya a 2016, ta isa kudancin Masar a 2019. Idan jeri ya tsufa, malamin gona ba zai bambanta baƙo da ɗan gari ba, har ɓarna ta yi nisa.