Tsargiya: Abin da Ƙwayoyin Gado Suka Tona Tsakanin Tsutsa da Katantanwa

Idan rani ya tsananta a Tamale ta arewacin Ghana, famfo ya ɗauke, mutanen Zogbeli da unguwannin maƙwabta sukan koma sayen ruwan tanka, marasa hali kuma su ɗauki jarka su nufi tafkunan bayan gari. A can shanu ke sha, a can yara ke wanka. A bakin irin wannan ruwa, jikin ganyaye, ake samun wata 'yar katantanwa da ba ta kai farcen yatsa ba, wadda masana ke kira Bulinus. Ita ce masaukin tsutsar tsargiya.

Mai cutar zai yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shige katantanwa su hayayyafa, bayan makonni su fito dubbai su huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa. Tsutsar takan zauna a jijiyoyin mafitsara shekara da shekaru tana zuba ƙwai, shi ya sa yaro ke fitsarin jini. Likita Theodor Bilharz ne ya fara ganinta a Alƙahira a 1851. Ghana kuwa ta ɗanɗana kuɗarta bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, lokacin da cutar ta mamaye ƙauyukan bakin tafkin Volta.

A 2012 masana suka karanta kundin ƙwayoyin gadon wannan tsutsa, irin wannan bincike kuma ya dagula lissafi. Tun 2009 an gano a Senegal cewa tsutsar mutane ta yi barbara da ta shanu. Irin wannan ruwa-biyu ce ta kama masu wanka a kogin Cavu na tsibirin Kosika a Faransa a 2013, bincike kuma ya bi sawunta har Senegal. Nan da nan aka fara nuna dabbobi da yatsa. To amma binciken 2019 kan tsutsotsin Nijar da Zanzibar ya nuna gaurayar tsohuwa ce, an daɗe ana gadonta. Saboda haka a ganina ɗora wa makiyayi laifi gaggawa ce.

Katantanwar ma ba a bar ta ba. Ire-irenta sun yi kama ƙwarai a ido, alhali wani iri yana ɗaukar cutar, wani ba ya ɗauka, gwajin ƙwayoyin gado ne ke bambance su. Da shi za a san tafkin da ke da haɗari.

Maganin praziquantel da ake rabawa a makarantu yana kashe tsutsa, amma yaron da ya sha yau zai koma tafki gobe. Arewacin Ghana ya ga bayan kurkunu, wanda aka yi wa ganin ƙarshe a 2010, ba tare da wata ƙwayar magani ba, sai da gyaran ruwan sha. Ya kamata Jami'ar UDS ta Tamale da Cibiyar binciken lafiya ta Noguchi su tantance katantanwar tafkunan Tamale ɗaya bayan ɗaya, hukuma kuma ta tabbatar famfon Zogbeli yana zuba har cikin rani.