Rular Lissafi: Yadda Tarawa Ke Zama Ninkawa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata na'ura wadda ta yi shekara kusan 350 a hannun masu lissafi kafin kalkuleta ta ture ta. Rula ce mai sassa uku: gangar jiki, da harshe mai zamewa a tsakiyarta, da ɗan gilashi mai siririn layi wanda ake duba amsa da shi.

Tushenta logaridim ne, wato dabarar da John Napier, mutumin Sukotilan, ya fito da ita a 1614, wadda take mai da ninkawa ta koma tarawa. Alal misali, 100 tana da sifiri biyu, 1,000 tana da uku. In aka ninka su sai a sami 100,000 mai sifiri biyar, wato biyu a tara da uku. A 1620 Edmund Gunter ya shata lambobi a jikin rula bisa wannan ƙa'ida, sa'an nan wajen 1622 William Oughtred, wani limamin Kirista a Ingila, ya jera irin wannan rula guda biyu, ɗaya na zamewa jikin ɗaya.

Asirin yana ga tazarar lambobin. Nisan 1 zuwa 2 daidai yake da na 2 zuwa 4, da na 4 zuwa 8. In ana son 2 sau 3, sai a ja harshen har 1 ɗinsa ya dace da 2 na gangar jiki, a duba ƙarƙashin 3, sai ga 6. Tsawo biyu aka haɗa, amma ninki ya fito.

Sai dai rular ba ta nuna inda ɗigo zai faɗa. Da 2 sau 3, da 20 sau 30, da 0.2 sau 0.3, duk wuri guda suke tsayawa. Tilas mai aiki ya ƙiyasta girman amsar a ransa tukuna, in ba haka ba kuskuren ɗigo ɗaya ya ninka nauyin da aka ɗora wa gada sau goma. Bugu da ƙari, rula mai inci 10 ba ta cika ba da fiye da lambobi uku tabbatattu ba.

Duk da haka, 'yan sama jannatin Apollo sun tafi da ita duniyar wata. Fitowar kalkuletar HP-35 a 1972 ce ta kawo ƙarshen zamaninta. Kalkuleta ta fi ta sauri da daidaito, amma ba ta tilasta wa ɗalibi ya san kimanin amsa kafin ya gan ta. Wannan horon kuwa har yau mai lissafi yana bukatarsa.