Neman Abincin Dare a Edinbara Lokacin Bikin Agusta

Duk ɗan Arewan da ya zauna a Ikko ko Badun ya san dare ba ya hana mutum cin abinci. Ko ƙarfe goma sha biyu ya taso daga wurin aiki, zai tarar da mai tsire a Obalende yana hura wuta, mai shayi a Agege yana soya ƙwai, a Sabo kuwa da wuya a rasa inda tukunya ke kan murhu. To, wannan sabo shi ke jefa waɗansu cikin wahala in tafiya ta kai su Edinbara, babban birnin ƙasar Sikotlan da ke arewacin Birtaniya, kuma saukarsu ta zo daidai da watan Agusta. A cikin wannan wata baƙo yana iya kwana da yunwa alhali aljihunsa cike yake da fam.

Dalili kuwa shi ne wani gagarumin biki da ake yi can kowace shekara. An fara shi a 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don a tara makaɗa da masu wasan kwaikwayo na ƙasashe dabam dabam. A shekarar farko ƙungiyoyin wasa 8 suka zo ba tare da an gayyace su ba, suka nemi ƙananan ɗakuna a gefe suka yi nasu. Daga nan aka sami bikin da ake kira Fringe, watau na gefe, wanda daga baya ya fi na ainihin girma nesa ba kusa ba. A 1950 aka ƙara da faretin sojoji da badujala a filin ƙofar tsohuwar ganuwar birnin, sa'an nan a 1983 aka soma bikin littattafai.

A 2019 bikin gefen kaɗai ya sayar da tikiti fiye da miliyan 3, aka nuna wasanni fiye da 3,800. A 2020 annobar korona ta hana a yi, amma daga baya ya dawo. Birnin da mazaunansa ba su wuce kimanin rabin miliyan ba, shi ke karɓar wannan taro har mako uku da 'yan kwanaki. Titin da ake kira Royal Mile, wanda ya taso daga ganuwa ya gangara zuwa fadar Holyrood, yakan cika maƙil kamar kasuwar Idumota ana jajibirin salla. Dukan wannan jama'a kuwa da maraice ɗaya suke neman abinci, a cikin 'yan unguwannin tsakiyar gari.

Abu na farko da ke ruɗin baƙo shi ne rana. Bahaushe ya saba cin tuwo bayan magariba, a Ikko kuma magariba ba ta nisa da ƙarfe bakwai. A Edinbara, a farkon Agusta, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare. Ko a ƙarshen wata sai ta wuce takwas. Mutumin da ya hau jirgin ƙasa daga Landan, tafiyar wajen awa huɗu da rabi, ya sauka ya ga gari da haske, sai ya ɗauka da sauran lokaci. Kafin ya huta, ya yi salla, ya fito, ƙarfe goma ta gabato. Yawancin gidajen abincin da ake zama a ci kuwa daidai wannan lokaci suke daina karɓar oda, ko da ƙofarsu tana buɗe, ko da ana ganin mutane zaune a ciki. Saboda haka agogo ya kamata baƙo ya riƙa dubawa.

Na biyu shi ne kama tebur. A can ba a cika faɗawa gidan abinci kai tsaye ba a lokacin biki. Mutane sukan buga waya ko su yi rajista ta intanet tun da kwanaki, wani lokaci makonni, su faɗi ranar da za su zo da lokaci da yawan mutane. Wanda ya zo bai kama ba, ma'aikaci zai tare shi a bakin ƙofa cikin ladabi ya ce an cika, ko da kuwa ga tebur nan ba kowa, domin mai shi yana hanya. Wanda ya kama kuma ya makara da kamar minti 15, ana iya ba wani wurinsa. Waɗansu gidajen sukan karɓi lambar katin banki tun farko, in mutum bai zo ba su cire wani abu. Daɗin daɗawa, teburin na ɗan lokaci ne, awa ɗaya da rabi ko biyu, ba a zaman hira har dare ya raba. Mutum ɗaya ko biyu sukan sami gurbi da sa'a, amma iyali mai mutum shida ko bakwai da suka fito ba shiri, sai dai su yi ta zagaye da yara cikin sanyi da yayyafi.

Wanda ya sayi tikitin kallon faretin sojoji shi ya fi bukatar lura. Ana fara wannan fareti wajen ƙarfe tara ko tara da rabi na dare, ba a tashi sai sha ɗaya ta kusa, kuma mutum fiye da 8,000 ke fitowa a lokaci guda. Mai hankali yakan ci abincinsa tun ƙarfe biyar ko shida. Wannan ma ya fi araha, domin gidaje da yawa suna da abinci na musamman mai rangwame don masu zuwa kallon wasa, wanda ake sayarwa kafin ƙarfe bakwai.

Samun tebur kuma ba shi ne ƙarshen magana ga Musulmi ba, sai an san abin da ke cikin kwano. Abincin da mutanen Sikotlan suke alfahari da shi, watau hagis, kayan cikin tunkiya ne, zuciya da hanta da huhu, a niƙa da wani hatsi mai kama da alkama da albasa da kitse. Ba alade ba ne, amma galibi ba yankan Musulmi ba ne. Akwai wani baƙin abu mai suna black pudding, wanda da jini ake yin sa, yawanci ma na alade. Kalmomin pork da ham da bacon da gammon duk naman alade suke nufi, lard kuwa kitsensa ne. Soyayyen kifi da dankali shi ne mafakar baƙi da yawa, kuma masu sayar da shi sukan kai dare, to amma akwai masu kwaɓa fulawar da giya, akwai kuma masu soya kifin cikin man da suka soya naman da bai halatta ba. Mutanen can sun saba da a tambaye su abin da ke cikin abinci, ba sa jin haushi. Matambayi ba ya ɓata.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda iyaye da kakanni suka bi sa'ad da suka fara saukowa Kurmi: baƙo ya nemi masallaci, abinci yana kusa da shi. Babban masallacin Edinbara yana kan titin Potterrow, daura da jami'ar birnin, tafiyar 'yan mintoci a ƙasa daga Royal Mile. An buɗe shi a 1998, kuma Sarki Fahad na Saudiyya ne ya biya mafi yawan kuɗin gininsa. Daga cikin wannan masallaci aka soma dafa shinkafa da miya irin ta mutanen Pakistan, aka buɗe wa kowa da kowa a 2004, har sunan Mosque Kitchen ya zama sananne ga ɗalibai da 'yan kallon biki, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. A kewayen wurin, a dandalin Nicolson da titin da ya miƙe kudu daga nan, akwai gidajen abinci na mutanen Indiya da Pakistan da Turkawa da Larabawa, da kantunan naman halal. A da yawa daga cikinsu layi ake bi a biya a karɓa, ba sai an kama tebur ba. Sai dai manyan wuraren wasa suna nan maƙwabta, don haka nan ma layin yakan yi tsawo tsakanin shida da takwas.

In tsakiyar gari ta gagara, sai a fita daga cikinta. Titin Leith Walk, wanda ya gangara zuwa unguwar Leith ta bakin teku, cike yake da gidajen abinci na al'ummomi iri iri, kuma cunkoson bai kai na cikin gari ba. Tun watan Yuni na 2023 ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari yana bi ta nan, ban da bas-bas. In duk an rasa, manyan kantuna a Sikotlan suna buɗewa har da maraicen Lahadi, domin dokar da ta taƙaita cinikin Lahadi a Ingila ba ta aiki a can. Burodi da madara da kifin gwangwani da ayaba sun fi kwana da yunwa. Kusan kowane ɗakin otel kuma yana da butar dafa ruwa mai aiki da lantarki, saboda haka wanda ya sa ganyen shayi a jakarsa ba zai rasa abin karyawa ba.

Game da biyan kuɗi, kati ya fi tsaba amfani, har akwai rumfunan da ba sa karɓar tsabar kuɗi. A gidan da aka zauna aka ci, al'ada ce a bar wa ma'aikaci wajen kashi 10 cikin 100, amma sai a duba takardar kuɗin tukuna, domin waɗansu sun riga sun sa shi a ciki.

Ɗan kasuwa ne, ko ma'aikacin da aka tura kwas, ko uban da ya je duba wa ɗansa makaranta, duk wanda tafiyarsa ta faɗo a Agusta ya kamata ya san inda zai ci kafin ya bar masauki da safe, ya riƙe sunan titin masallaci, ya kuma ci da wuri ko da rana tana sama. Da sanyin safiya ake kama fara. Mai shayin Agege da ke jiran abokin ciniki har asuba ba shi da reshe a Edinbara.