Miyar naman shanu a gidajen abincin Manila da batun halas

A birnin Manila na ƙasar Filifin da wuya mutum ya yi tafiya mai nisa a bakin titi bai ci karo da allon da aka rubuta kalmar pares a kansa ba. Wannan suna ne na wani dafaffen naman shanu da direbobin motocin haya da leburori da ɗalibai ke dogara da shi, musamman da daddare, domin da yawa daga cikin masu sayar da shi ba sa rufewa har gari ya waye.

Kalmar dai ta samo asali ne daga harshen Sifaniyanci, ma'anarta kuwa abu biyu da ke tafiya tare, wato naman da kuma soyayyar shinkafa mai tafarnuwa. Akan haɗa wa mai ci da ɗan kwanon romo mai zafi.

Masu bin tarihin abinci a ƙasar na danganta farkon pares da wani gidan abinci mai suna Jonas, wanda iyalan Tiu suka buɗe a birnin Quezon a shekarar 1979. Daga nan ne ya bazu har ya kai ga masu tura amalanke a lungunan unguwanni.

Ana zaɓen naman ƙirji da wuraren da ke da jijiya, waɗanda suka fi araha, a bar su a kan wuta na tsawon sa'o'i har su yi laushi. Ana zuba tsimammen ruwan waken soya da jan sukari da citta da tafarnuwa, da wani kayan ƙamshi mai siffar tauraro wanda ya nuna tasirin girkin Sinawa. Saboda haka miyar takan fito da duhu da kauri, tana da zaƙi-zaƙi. Wanda ya saba da farfesu mai yaji zai ji baƙon abu a lomar farko, ko da yake ba a rasa barkono a kan tebur.

Wuraren da aka fi cin irin wannan abinci su ake kira karinderya. Wasu masana na cewa sunan ya fito ne daga kari, miyar Indiyawa, suna kuma alaƙanta shi da sojojin Indiya da suka zo tare da Birtaniya lokacin da ta mamaye Manila daga 1762 zuwa 1764, waɗanda wasunsu suka yi zamansu a garin Cainta. Akan kuma kira wuraren turo-turo, wato nuna-nuna, saboda tukwane na jere ne a gaba, mai saye ya nuna wadda yake so da yatsa. Kamannin sunan da tuwo-tuwo na Hausa dacewa ce kawai, sai dai sana'ar kusan ɗaya ce.

Abin da ke cikin tukunya

Ga baƙo Musulmi, ciki har da ɗaliban Nijeriya da ke karatun likitanci da jinya a jami'o'in ƙasar, jin cewa miyar ta naman shanu ce na iya kwantar masa da hankali. A nan ne kuma ake samun matsala.

Bisa ƙidayar jama'a ta 2020, kusan kashi 79 cikin 100 na 'yan Filifin mabiya ɗarikar Katolika ne, Musulmi kuwa sun ɗan haura kashi 6. Naman alade na daga cikin naman da aka fi ci a ƙasar, yana kuma shiga girke-girken da sunansu bai nuna hakan ba ko kaɗan.

Misali mafi bayyana shi ne mechado, wata miyar naman shanu da tumatir. Sunanta ya fito ne daga kalmar Sifaniyanci mai nufin lagwani, domin a girkin gargajiya akan huda tsokar naman a cusa mata ziririn kitsen alade kamar yadda ake sa wa fitila lagwani, don kada ta bushe a wuta. Masu girki da dama sun daina wannan al'ada, amma mai saye ba shi da hanyar ganewa da ido bayan kitsen ya narke.

Haka abin yake da kaldereta, wadda asali da naman akuya ake yin ta. Abin da ke ba ta kauri shi ne niƙaƙƙiyar hanta ta gwangwani, kuma sau da yawa akwai hantar alade a ciki.

Shi kansa pares bai tsira ba. A shekarar 2024 wani salonsa ya yi tashe a Manila, inda ake tula soyayyen naman alade da fatarsa a saman kwanon. Ko inda ba a yi hakan ba, akwai tambaya game da man da aka soya shinkafar da shi, da ludayin da ke yawo daga wannan tukunya zuwa waccan. Malamai sun yi maganganu daban-daban a kan yankan Ahlul Kitabi, amma babu saɓani a kan alade.

Hanyar Quiapo

Wannan ne ya sa Musulmin Manila da baƙinsu ke nufar unguwar Quiapo. A can ne Masallacin Zinariya yake, wanda aka gina a 1976 bisa umarnin Imelda Marcos domin tarbar shugaban Libiya na lokacin, Mu'ammar Gaddafi, ziyarar da daga baya aka fasa.

A kewayen masallacin akwai ƙananan gidajen abinci na mutanen kudancin ƙasar, kuma miyarsu ta naman shanu ba ta rasa komai idan aka gwada ta da pares. 'Yan ƙabilar Maranao na dafa naman da madarar kwakwa da palapa, wani haɗi na barkono da citta da albasar yankinsu. Su kuwa Tausug na tsibiran Sulu suna da tiyula itum, baƙin romo da ake yi da ƙonanniyar kwakwa, wanda ake fitarwa a bukukuwan aure. Launinsa kan tsorata baƙo, amma shi ya fi kusa da harshen mai son yaji.

Gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar kula da al'amuran Musulmi ta ƙasa a 2010, aka kuma sa hannu a kan dokar bunƙasa kayan halas a 2016. Sai dai dokar ta fi mayar da hankali ne a kan kayan da ake fitarwa ƙasashen waje, ba ta kuma tilasta wa mai karinderya ya bayyana abin da ya zuba a tukunyarsa ba.

Wanda ya samu kansa nesa da Quiapo zai amfana da sanin kalmomi uku na harshen Tagalog: baka na nufin shanu, baboy alade, mantika kuma man girki, na gwangwani ne ko na kitse. Tambayar da akan yi ita ce "May baboy ba ito?", wato "Akwai alade a cikin wannan?" Ya kamata a biyo ta da tambaya ta biyu a kan man da kuma hantar, domin mai sayarwa na iya amsa a'a da zuciya ɗaya, tunaninsa na kan tsokar naman kawai.